Ranar da Na Ɗaga Kati a Gaban Surukina

Akwai wata Asabar da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da tsufa ya zo ya kwashe sauran abubuwan da na sani. An kwana biyu da yin abin, don har na haihu, yarinyar ma ta fara tafiya. Amma har gobe in na ji an buga guduma a kan katako, ko da maƙwabcinmu ne yake gyaran shingensa, sai gabana ya faɗi. Abin mamakin shi ne ranar farin ciki ce. Sai dai kafin farin cikin ya iso na ga tashin hankalin da ban taɓa gani ba, kuma duk a kan wata tsohuwar mota da ko kyauta aka ba ni a lokacin sai na yi tunani kafin in karɓa.

Lokacin ban daɗe da zuwa Manchester ba. Na gama sakandare a Kano, na ɗan zauna a gida, aka yi aurena, daga baya takarduna suka fito na biyo maigidana. A Gorton muke, a irin gidajen nan da suke manne da juna a jere, mu a sama, mahaifinsa a ɗakin ƙasa. Baba muke ce masa. Tsohon injiniya ne, mutumin Zariya, matarsa ta daɗe da rasuwa. Kafin zuwana ya yi fama da shanyewar ɓarin jiki. Ya samu sauƙi, yana tafiya da sanda, amma hannunsa na dama ba ya ɗaguwa sama da ƙirjinsa, na hagun kuma shi ke riƙe sandar. Tun daga ciwon nan ya zama mutum mai shiru. Ya wuni a kujerar bakin taga yana kallon titi, ko rediyo ba ya kunnawa.

Ni kuwa tsoronsa nake ji, ba don ya taɓa yi min faɗa ba. Suruki ne, ga kwarjini, ga shiru. Da safe in durƙusa a bakin ƙofa in ce, "Baba, ina kwana?" ya ce, "Lafiya lau, an tashi lafiya?" Shi ke nan hirarmu ta ƙare sai gobe. In zan ajiye masa abinci har numfashina nake riƙewa kada cokali ya yi ƙara.

Akwai kuma Kawuna, yayan mahaifiyata, likita ne da ya yi ritaya, yana zaune a Perry Barr a Birmingham. Shi da Baba aminai ne tun suna samari, lokacin da aka tura su karatu Jamus ta Gabas, zamanin tana ƙarƙashin mulkin gurguzu. Ɗaki ɗaya suka zauna. A gidan Kawu ma maigidana ya fara ganin hotona, kuma Kawu ne ya ba da aurena. To tun daga ranar da aka shafa fatiha sai aminai suka koma surukai. Maigidana ya ce yana yaro in suka haɗu ba a jin kunne a gidan, tsiyar Bakano da Bazazzagi kawai ake yi har a watse. Ni ban taɓa ganin haka ba. Abin da na gani shi ne, "Alhaji, ya ƙarfin jiki?" "Alhamdu lillahi, Likita, ya iyali?" Daga nan kowa ya sunkuyar da kai ya kama kallon kafet. Abin yana damuna a rai, don ina ganin kamar aurena ne ya shiga tsakaninsu.

Wata rana da yamma muna sama sai muka ji Baba yana ƙwala wa maigidana kira da ƙarfi. Muka sauko a guje, mun ɗauka faɗuwa ya yi. Muka same shi a tsaye, ba sanda, waya a hannu. A group ɗinsu na tsofaffin ɗalibai wani ya saka hoton mota, an ce za a yi gwanjonta a wani wurin gwanjon tsofaffin motoci a gefen Birmingham.

"Kalle ta," in ji Baba. "Kalle ta da kyau. Irinta ce sak. Har kalar."

Na leƙa ta bayan maigidana. Wagon ce, irin mai dogon bayan nan, kalar ruwan ɗorawa da ya koɗe, ga ta a murabba'i kamar an ɗora akwati a kan tayoyi. Daga baya maigidana ya yi min bayani. A can Jamus ta Gabas ake ƙera ta, kuma a zamaninta an riƙa kawo ta Ingila ana sayar wa waɗanda ba su da ƙarfin sayen wata. Ita ce ta talaka, har dariya ake yi wa masu ita. In ta lalace ba mai wahalar gyara ta, sai a kai ta bola. Shi ya sa yanzu ta zama abin nema, 'yan kaɗan ne suka rage a ƙasar. Irinta Baba da Kawu suka haɗa kuɗi suka saya suna ɗalibai.

Kwanakin da suka biyo baya Baba ya zama wani mutum daban. Ya sa aka yi masa rajista, ya riƙa cinye abincinsa tas, har na ji shi yana waƙe-waƙe ƙasa-ƙasa da wani yare. Maigidana ya ce min, "Tun da ya kwanta ciwo ban ga ya so wani abu a duniya ba sai motar nan. Wallahi in ta kuɓuce masa ban san yadda zai koma ba."

Sai ga matsala. Ranar gwanjon maigidana yana da shift a wajen aiki, ya nemi wanda zai canje shi ya rasa.

"Ke za ki raka shi," ya ce.

"Ni? Ni da ko bas ban iya shiga ni kaɗai ba?"

"Ba abin da za ki yi sai riƙe katin da ake ɗagawa a yi tayi. Hannunsa ba zai ɗagu ba. In ya ce ɗaga, ki ɗaga. In ya ce sauke, ki sauke. It's that simple." Ya faɗa min iyakar kuɗin da Baba ya ware, ya ce in riƙe a kaina. Sannan ya ƙara da cewa, "Kuma Baba ya ce kada a gaya wa Kawu."

Na ce, "Mu shiga garinsa ba mu gaya masa ba?"

"In aka gaya masa zai ce sai ya zo tasha ya ɗauke ku, Anti matarsa ta kwana tana girki. Baba ba ya son ɗora wa suruki nauyi. In an gama sai ku biya ku gaisa."

Haka muka kama jirgin ƙasa da safe, ni da Baba, yana gefen taga ina can ƙarshen kujera na takure. Har muka isa Birmingham maganar da ta haɗa mu ita ce ya tambaye ni ko na ɗauko maganinsa, na ce na ɗauko.

Wurin gwanjon wani ƙaton sito ne mai rufin kwano, sanyi kamar cikin firij, ga warin fetur da na kofi. Motoci ne jere suna sheƙi, wasu jajaye, wasu baƙaƙe masu dogon hanci, tsofaffin Turawa suna zagaya su da 'yan fitilu suna leƙa ƙarƙashi. Na duba gabas na duba yamma, ni kaɗai ce mai hijabi. Tamu motar tana can wani lungu kusa da ƙofar baya, ba kowa a wajenta. Baba ya tsaya a gabanta ya daɗe. Ya miƙa min sandarsa, abin da bai taɓa yi ba, ya ɗora tafin hannunsa a kan rufinta yana shafawa kamar mai lallashin doki. Ya yi mata magana da Jamusanci. Na kawar da kaina don na ga idonsa ya kawo ruwa.

Muna nan sai ga wani ƙaton Bature mai jan gemu, hannayensa duk zane, yana cin sanwici. Mutum ne mai fara'a, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya gaishe mu, ya tambayi Baba ko shi ma ita yake so. Baba ya ce e, ya tambaye shi ko ya taɓa tuƙa irinta. Ya ce a'a, shi dai yana son ta ne don ba wanda ya taɓa shiga fili da irinta. Ya ciro waya ya nuna mana. Wani wasa ne da suke yi a fili mai taɓo, a cire gilasan tsofaffin motoci, a yi musu fenti, a yi ta tsere ana karo da juna da gangan har sai kowace ta zama kamar gwangwanin da aka taka. Jama'a suna ta ihu suna tafi. Ya ce in motar ba a saba ganin irinta ba, an fi yi mata tafi.

Baba ya kalli bidiyon har ƙarshe, ya yi wa mutumin godiya. Da ya wuce sai ya ce, ba ni yake wa magana ba, shi da kansa yake yi, "Wannan ai ba wasa ba ne. Yanka ne."

Muka samu kujeru a tsakiya. Mai gwanjon yana kan wani dandamali da 'yar gudumarsa, yana zuba Turanci kamar ana zazzage tsakuwa a kwano. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Allon da ke bayansa kawai nake kallo, inda hoton mota yake fitowa da kuɗin da aka taya. Baba ya ce in ya buga sandarsa a ƙasa in ɗaga. Na riƙe katin nan da hannu biyu har ya fara laushi.

Da hoton tamu ya fito sai na ji an ɗan yi dariya a wurin. Mai gwanjon ma ya faɗi wani abu aka ƙara dariya. Baba ko a jikinsa. Aka fara. Mai jan gemu, yana tsaye a jikin bango ta damanmu, ya ɗaga. Ƙwas, sandar Baba. Na ɗaga. Sai kuma mai gwanjon ya nuna can hagu, bayan wani ginshiƙin ƙarfe. Akwai mutum na uku. Ba ma ganinsa, hannun kwat kawai muke gani da kati. Aka yi ta zagayawa haka, jan gemu, mu, mai ginshiƙi. Har na fara sabawa, ina jin ashe abin ba wuya.

Jan gemu ya sake ɗagawa, tayi ya koma hannunsa. A daidai lokacin mutumin bayan ginshiƙin ya matso gaba don ya ga su wane ne suke ja da shi. Na fara ganin hula. Hular kube ce, irin tamu. Sannan farin gilashi, sannan fuskar da na sani tun ina goye.

Kawu ne.

Shi ma ya gan mu. Bakinsa ya buɗe. Na ji Baba ya ja numfashi ya ce, "Inna lillahi. Likita ne." Ashe shi ma ya ga hoton a group ɗin, shi ma ya yi shiru da bakinsa.

"Sauke," in ji Baba. "Kada ki ƙara ɗagawa."

Na sauke. Ya ce, "Tun ɗazu da surukina nake ja ban sani ba. Ba a ciniki a kan cinikin ɗan uwa, balle shi. Tasa ce."

Na kalli Kawu. Me zan gani? Ya ninke katinsa ya zura a aljihun kwat. Ya ɗora hannu a ƙirji ya rusuna wa Baba daga can, yana nuna masa motar da ɗaya hannun, wato bismilla. Baba ma ya rusuna daga zaune, ya nuna masa da haɓa, wato a'a, kai dai bismilla. Kawu ya girgiza kai ya ƙara rusunawa. Dattawa biyu suna ta yi wa juna kara daga wannan bango zuwa wancan, sun manta sarai cewa tayin da ke kan allo ba na ɗayansu ba ne.

Na tattaro duk ƙarfin halina na ce ƙasa-ƙasa, "Baba, Kawu ma ya sauke."

"Zai ɗaga."

"Baba, ya sa katin a aljihu."

"Na ce zai ɗaga. Ki yi shiru."

Mai gwanjon ya kalle mu, Baba ya girgiza masa kai. Ya kalli Kawu, Kawu ya girgiza masa kai. Sai ya juya wajen jan gemu ya ɗaga gudumar sama, ya rage saurin magana, wannan karon har ni na gane me yake cewa. Kira na ƙarshe yake yi.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Tunda nake ban taɓa tsallake maganar babba ba, balle suruki, balle wanda ya gama ce min in yi shiru. Ina jin muryar mahaifiyata a kunnena ranar da za a kawo ni, tana cewa duk abin da uban mijinki ya ce, to shi ne. Amma idona yana kan hannun Baba. Ya damƙe kan sandar har jijiyoyin sun fito, fuskarsa tana murmushin kara. Na tuna filin taɓon nan. Na tuna kujerar bakin taga.

Na ɗaga katin.

Mai gwanjon bai gani ba, ya riga ya cire ido daga ɓangarenmu. Gudumar ta fara saukowa. Sai na ji ni a tsaye, ban san lokacin da na miƙe ba, na ji wata murya tana ihu, ashe tawa ce.

"Malam! Malam! Here! Ga shi nan!"

Sai aka fashe da dariya a wurin. Mai gwanjon ya tsayar da hannu, ya nuna ni da gudumar yana murmushi, kuɗin kan allo ya canza. Ban yarda na kalli Baba ba. Ina dai jin shirunsa a gefen fuskata kamar zafin murhu.

Na ɗauka shi ke nan an gama. Ina! Jan gemu ya sake ɗagawa. Aka dawo kaina. Na saurari sanda, ba ƙwas, ba komai. Na kalli Kawu, yana ta yi min wata alama da hannu, har yau ban san ko ci gaba yake nufi ko zauna ba, shi ma da na tambaye shi daga baya ya ce bai sani ba. Na sake ɗagawa. Jan gemu ya ƙara. Na kalli allo, na ga saura ƙiris a kai iyakar da maigidana ya faɗa min. In na ɗaga wannan, ya sake ƙarawa, to na yi rashin kunyar a banza, motar ma ta tafi. Duk da haka na ɗaga katin. Hawaye ya fara zubo min, ban sauke ba.

Jan gemu ya juyo ya kalle ni. Ya kalli Baba. Ya ɗan sosa gemunsa, ya yi dariya, ya girgiza wa mai gwanjon kai.

Ƙwam!

Ƙarar nan ita ce har yau take bi na. Na zube a kujera. Wata tsohuwar Baturiya da ke bayanmu ta miƙo min ruwa tana bubbuga kafaɗata, mutane suna tafi. Baba ya miƙe, ya gyara babbar rigarsa, ya nufi ofis. Na bi shi a baya ina jin kamar ana kai ni wajen alƙali. A raina har na fara tsara yadda zan gaya wa mahaifiyata cewa an dawo da ni.

Da aka gama da ofis, ma'aikata suka turo motar filin baya. A nan Kawu ya same mu. Na durƙusa a kan simintin nan mai sanyi na gaishe shi, ya amsa bai kalle ni ba.

"Alhaji, barka da zuwa. Ashe kuna tafe."

"Likita, barka kadai. Wallahi da mun gama za mu biyo. Ka yi haƙuri da abin da yarinyar nan ta yi, ba da yawuna ba ne. Mota taka ce."

"Haba Alhaji, ni ne da ba da haƙuri, 'yata ce. Mota kuwa taka ce, Allah ya sanya alheri."

"A'a, kai ka riga ni."

"Ina, ai tun daga Manchester ka taso."

Ma'aikaciyar da ta kawo makulli tana tsaye tana kallon wannan tana kallon wancan. Ta miƙa wa Baba, ya nuna Kawu. Ta miƙa wa Kawu, ya ja da baya. Da ta gaji sai ta kamo hannuna ta danƙa min, ta ce ai ni na saya, ta yi tafiyarta. Na tsaya da makulli a hannu kamar na riƙe garwashi. Na lallaɓa na ajiye shi a kan bonet na koma gefe.

Can dai Kawu ya ce, "To bari in tayar maka da ita, Alhaji, ka ji lafiyar injin." Ya shiga ya murɗa. Motar ta yi tari ta yi shiru. Ya sake, ta sake.

"Likita, da ka ɗan ja cok ɗin," in ji Baba cikin ladabi.

"Na ja, Alhaji."

"Kamar dai bai jawu ba."

"Ya jawu."

Ya sake murɗawa yana ta taka totur. Baba ya matso bakin taga. "Likita, ka daina taka mata mai haka, za ka shaƙe ta."

"Na san abin da nake yi, Alhaji."

"Ba ka sani ba."

"Na ce na sani."

"Kai, ɗaga ƙafarka daga kan totur ɗin nan! Da can ma haka kake, shi ya sa ka kashe mana waccan!"

Na zaro ido. Kawu ya leƙo da kai ta taga, gilashinsa ya zamo kan hanci. "Ni na kashe ta? Ni? Wa ya jefa mu rami da ragon layya a baya?"

"Ragon ne ya zuro kai ya lashi kunnena!"

"Wa ya ce a kwance shi? Ba kai ka ce yana jin sanyi ba? Bazazzagi dai bai yi ba wallahi. An ba ka rago ka kawo, ka mai da shi fasinja."

"Rufe min baki, Bakanon banza. Ku da ba ku iya komai ba sai ciniki, yau ga shi cinikin ma ka kasa, sai da yarinya ta yi maka."

"Ka ji bawana yana magana! Fito da hannu ka nuna min, injiniyan ƙarya."

A nan na ji labarin da ko maigidana bai sani ba. Wata Babbar Sallah ta faɗo musu a tsakiyar hunturu, ɗaliban suka haɗa kuɗi, su biyun suka tafi wani ƙauye suka sayo rago a wajen manomi, suka sa shi a bayan wagon. A hanyar dawowa suka zame suka faɗa rami cikin dusar ƙanƙara. 'Yan sanda suka zo suka tarar da baƙaƙen fata biyu da rago a zaune a kujerar baya, aka rasa ta inda za a fara tambaya. Suna ba da labarin suna katse juna, kowa yana ɗora wa ɗan uwansa laifi, in Hausa ta ƙare su koma Jamusanci. Baba ya sa aka buɗe bonet, ya sa Kawu ya taɓa nan ya murɗa can, yana yi masa tsawa kamar yaron gareji. Ya ce a ɗan dakata man ya sauka. Sannan ya ce, "Yanzu murɗa. Kada ka taɓa komai da ƙafar nan taka."

Ta tashi. Wayyo, ƙara! Kamar injin markaɗen unguwarmu, tana tatata tana karkarwa, ga wani shuɗin hayaƙi ya turnuƙe filin, don irin injin nan ne da ake haɗa masa fetur da baƙin mai. Mutane suka fito kallo suna toshe hanci. Jan gemu ma ya zo, ya yi tafi, ya ce min, "Fair play, love," wato na yi ƙoƙari, ya ce wa Baba ya kula da ita. Baba kuwa dariya yake yi, irin wadda ban san yana da ita ba, har da riƙe ciki, Kawu yana dukan sitiyari yana share hawaye.

Suka ce sai an zaga filin. Kawu a sitiyari, Baba a gefensa, ni a baya ina riƙe da kujera da hannu biyu ina salati, don duk sanda Kawu ya taka birki sai motar ta yi shawara kafin ta tsaya. Baba yana ihu, "Birki, Bakano, birki!" Kawu yana cewa, "Shi nake takawa!" Tsoro na biyu ke nan a rana ɗaya, amma wannan ina yi ina dariya.

Maganar wa zai ɗauka kuwa, da tsiya ta dawo sai ta warware kanta. Kawu ya ce, "Kai da ko wajen ajiye keke ba ka da shi a Gorton, ina za ka kai ta? Ka bar ta a titi 'yan Council su ɗauke maka ita?" Aka tsaya a kan mota ta Baba ce, gareji na Kawu, kuma Baba zai riƙa zuwa dubiya don kada Bakano ya lalata ta. Aka ɗora ta a babbar mota zuwa Perry Barr, muka bi ta a baya. Anti, matar Kawu, ta yi ta faɗa an zo mata ba sanarwa, tana faɗan tana ɗora tukunya. Bayan sun yi sallah suka zauna cin abinci, sai musu ya koma kan ko hanin ciniki a kan ciniki ya shafi gwanjo. Kawu ya ce bai shafa ba, tunda don a yi ta ƙari aka kafa shi. Baba ya ce, "To da ka sani me ya sa ka sauke?" Kawu ya ce, "Kai me ya sa ka sauke?" Anti ta leƙo daga kicin ta ce min, "Yau kuma me aka ba su suka sha?"

Duk wannan bai kwantar min da hankali ba, don har lokacin Baba bai ce min komai ba. Sai da muka shiga jirgin komawa, muka bar gari, sannan ya yi gyaran murya.

"Na ce ki sauke."

"E, Baba."

"Na ce ki yi shiru."

"E, Baba. Ka yi haƙuri."

"Kika miƙe a gaban Turawa kina ce wa mutum Malam."

Na sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan hijabina. Da na saci kallonsa sai na ga kafaɗunsa suna rawa, dariya yake dannewa.

"Abin da kika yi bai kyautu ba," ya ce. "Kuma da ba ki yi ba, da ni da Kawunki mun tsaya muna rusuna wa juna har a kai ta mayanka. Allah ya yi miki albarka, 'yata. Matso nan, kujerar ba ta cizo."

Yanzu kusan duk bayan mako biyu muna Birmingham. Su biyun suna gareji da baƙin mai har gwiwar hannu suna zagin garuruwan juna, ni da Anti muna ciki muna jin su ta bango. Tsoron ranar bai sake ni duka ba, kuma har yanzu a durƙushe nake gaishe da Baba, hakan nake so. Amma na koyi wani abu da ba a gaya min ba lokacin da ake yi min faɗan aure. Kunya da kara ado ne, ban raina su ba. Sai dai wani lokacin manya biyu sukan shiga cikinsu su kasa fitowa, kowa yana jiran ɗan uwansa, abin da suke so su duka yana tafiya a kan idonsu. A irin wannan lokacin dole a samu ƙaramin da zai yarda a ga rashin kunyarsa na ɗan lokaci. In ya yi don su ne ba don kansa ba, za su gane, ko da sun fara da faɗa.